Ƙyallen da Ban Rufa wa Uwar Ɓeraye Ba

Shekara talatin da biyar na yi a ɗakin gwaje-gwaje ina fiɗar ƙwaƙwalwar fararen ɓeraye kafin in yi ritaya in dawo gidanmu a unguwar Magajiya, saboda haka mai karatu ya sani ba mai tatsuniya ke magana ba. Wallahi abin da zan faɗa ni ya faru da shi.

A tsakiyar ƙwaƙwalwar ɓera akwai wata 'yar tsoka da ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ke tsattsafar da ruwan da ke sanar da jiki dare ya yi ko gari ya waye. Aikina shi ne in ciro ta daga 'ya'yan ɓeraye, na kwana bakwai da na kwana ashirin, a ga yadda take girma. Waɗanda suka koya mana aikin sun kafa mana doka guda: kafin ka ɗauki ɗa, ka rufe kejin uwar da ƙyalle. Ba su faɗi dalili ba, mu kuma a zamaninmu ba a tambayar malami dalili.

Bayan ritayata sai ga wani matashi, irin masu sammakon Abujan nan da ake ce wa Dakta tun ba su iya riƙon hantsaki ba, ya ajiye ɓerayensa a wani gida a hanyar Diko, ya roƙi in taya shi bincikensa. Na isa da hantsi, ina ɗauko ƙyalle sai ya yi dariya.

"Haba Baba, wannan ai camfi ne. Ko dai hannun ne ya soma rawa, ake neman abin fakewa?"

Ni zai gaya wa rawar hannu, yaron da na girmi ubansa. Na jefar da ƙyallen, na ɗauki ɗa guda a gaban uwarsa, na ciro tsokar sumul. Shi kuma ya bi sauran 'ya'yan takwas da hannunsa irin na mahauta.

Uwar ta miƙe bisa ƙafafun baya, ta riƙe wayar kejin, ta daɗe tana duban Dakta, sannan ta dube ni sau ɗaya tak.

Ba a yi mako uku ba aka tsinci Dakta yana sharar barci a motarsa a mararrabar Diko, injin na aiki. An ɗauki hoton kansa a asibiti, ba a ga komai ba. Na je duba shi bayan Azahar, rana na dukan tagarsa, ya kama hannun rigata.

"Baba, don Allah, yanzu dare ne ko rana?"

Ni ɗan ɓera guda ɗaya kawai na taɓa. Har yau, kullum da hantsi, ko ina tsakiyar magana, barci kan sace ni na ɗan lokaci, in farka da warin kejin nan a hancina. Ban kai wa likitocin zamani maganar ba, me suka sani?

Idan tsoho ya miƙo maka ƙyalle, karɓi ka rufe. Idan kuwa kai ne tsohon, kada rainin yaro ya sa ka jefar da shi.