Yadda Na'ibi Mai Dawa Ya Shiga Yaƙin Tattabaru

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Jidda a shekarun sittin ya san Na'ibi mai dawa. Iyayensa daga Sudan suka ƙetaro, shi kuwa a Jidda aka yanke masa cibiya. Shagona na ɗinki yana kallon nasa, saboda haka ganau ne ke ba ku labari.

Da ƙuruciyarsa ya yi wankin kwanuka a gidan wasu Amurkawa a Ruwais. Turanci bai kama shi ba, girki ma haka. Abu ɗaya ya fito da shi, wato labarin yadda Amurka ta naɗe hannu a farkon yaƙin duniya na biyu, tana sayar da kaya tana cewa ba ruwanta, har ranar da Japan ta yi wa jiragenta ruwan wuta, ta faɗa ciki tsundum. A ganin Na'ibi, nan ne ta yi wauta.

"Da ni ne, ya jama'a, sai in share hawaye in buɗe shago," haka yake ce mana. Mun sha wannan karatu har ya ginshe mu.

A lokacin unguwarmu ma tana da nata yaƙin, a saman soraye. Abdulwahid direban tankar ruwa da Ɗan'azumi mai gyaran risho kowannensu yana da garken tattabaru. A al'adar masu wannan kiwo, tsakanin mutum biyu ko dai sulhu ko harb, wato yaƙi. In sulhu ne, tsuntsuwar da ta sauka a soronka sai ka mayar wa mai ita. In harb ne ta zama taka, ko ka kiwata ko ka jefa a tukunya. Waɗannan biyun harb suke yi tun kafin su yi aure.

Na'ibi ne ke sayar wa kowannensu da dawa, kuma kowa ya zo sai ya ji cewa tsuntsayensa sun fi na wancan. Ya ce shi ɗan ba-ruwana ne. Amma ni na ga lokacin da ya ara wa Ɗan'azumi doguwar ragarsa ta kamu, Abdulwahid ma ya gani.

Tattabara ɗaya tal Na'ibi yake da ita, fara, sunanta Luba, da 'yar ƙararrawa a ƙafa. Matarsa Rahamatu ce ta rasu ta bar ta. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa gyara a mudu ba, a tafin hannunsa yake ba ta riɗi yana yi mata hira. Yana son tsuntsuwar nan so na gaske, mu da muke masa dariya ma mun sani.

Wata Jumma'a Luba ta fice ta taga. Na'ibi ya shiga lungu ya fita lungu yana kira, shiru. Da la'asar sai ga Abdulwahid da kwano a rufe, kamar yadda maƙwabta kan yi.

"Ya akhi, ɗan'uwana, ka ci wani abu, tun safe kake yawo."

Na'ibi ya juya mini baya don kada in sa hannu, ya shanye farfesun tas, har da santi. A gindin kwanon cokalinsa ya taɓo 'yar ƙararrawa.

"Ni ba na cikin harb ɗinku!" in ji Na'ibi.

Abdulwahid ya ce, "Ragar wa aka kama mini tsuntsaye da ita? Wanda ya ba da raga ya shiga, ya shekh. Halas, magana ta ƙare."

Na zaci zai share hawaye ya buɗe shago. Ina! Washegari ya garƙame ƙofa, ya riƙa saɓa buhuna yana hawa soro. Ya shimfiɗa dawa da gero da riɗi tun daga wannan bango har wancan. Babu tattabarar da ba da hatsinsa ta girma ba a Hindawiyya. Da aka saki garkuna da yamma, suka yi kewaye ɗaya suka zubo masa kamar an kira sunansu. Na Abdulwahid suka sauka, na Ɗan'azumi abokin ƙawancensa ma suka bi sahu. Ɗan'azumi ya tsaya a ƙasa yana ihu, "Haba Na'ibi, ai ni naka ne!" Na'ibi ya leƙo ya ce, "Yalla, harb harb ne."

Kafin wata ya ƙare babu sauran mai tattabara a unguwar sai shi. Abdulwahid ya koma kiwon awaki, Ɗan'azumi ya sayi rediyo. To, wa zai sayi dawa? Shagon ya riƙa ramewa, buhu bayan buhu yana hawa sama a kafaɗar mai shi. Ko ya kori tattabarun, kafin ya sauko sun dawo.

Bayan shekaru, ranar da ya mayar da makullin shagon ga mai gida, tausayinsa ya kama ni. Na ce masa, "Malam Na'ibi, ka yanka tattabarun nan mana, ko ka kai kasuwa. Naka ne halak malak."

Ya ɗaga kai yana kallon sama inda suke kewayawa.

"Na gwada," ya ce. "Duk wadda na kama, sai in ji nauyinta daidai da na Luba."