Kakar da Yaya Bello ya ɗage motarsa a kan kututture

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Bello, direban da mutanen Zugu da Bukkuyum suka sani da farar a-kori-kurarsa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Bana na kasa ajiyewa. Makon jiya wata tsohuwar ɗalibata ta kira ni ta ce an kai ƙanwarta asibiti a kan babur tana naƙuda, an sa ta tsakanin mutum biyu, domin babu direban da zai yarda ya shiga hanyar garinsu ko da rana tsaka, saboda 'yan bindiga. Tun da ta kashe wayar nake kai da komo a tsakar gida, na kasa zama wuri ɗaya, kuma duk inda na juya Yaya nake gani.

A farkon shekarun tamanin, muna cikin jihar Sakkwato, ni da maigidana muna koyarwa a makarantar firamare a Gwashi. Yaya Bello kuwa yana bin kasuwanni, yau Gummi, gobe Bukkuyum, jibi Anka. Hatsi a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a bisa buhuna. Motar ta tsufa tun kafin ya saye ta, kaya kuma suka ƙarasa ta. Bayanta na hagu ya sauka ƙasa, in tana tahowa daga nesa sai ka ce mutum mai ɗingishi. Shakazobarta, wato ƙarfen nan mai mai a ciki da ke shanye girgizar hanya, ta daɗe da mutuwa. Ya san da haka. Kullum cewa yake bari a ci wannan kasuwar tukuna, domin shi mutum ne da ba ya iya ganin mota a tsaye.

Cikina na fari yana wata bakwai jini ya ɓalle mini da hantsi. Aka yi sa'a Yaya yana garin yana lodin dawa. Ya sa aka sauke buhunan, aka shimfiɗa katifa a baya, maigidana ya riƙe kaina, muka nufi Anka. Har yau zan iya lissafa ramukan hanyar nan. Duk wanda muka faɗa, motar takan jefa ni sama, in na dawo kuma in gangara hagu in bugi ƙarfen bodi. In ya rage gudu jini na zuba, in ya ƙara ina ihu. Kafin mu isa na haifi ɗa namiji, bai zo da rai ba.

Wadda ta karɓe ni a asibiti Sista Ladi ce, Kirista daga wajen Filato, ta daɗe a ƙasarmu har Hausarta ta koma irin tamu. Ina kwance na ji tana gaya wa Yaya a bakin ƙofa cewa ba laifin motarsa ba ne, abin ya riga ya lalace tun kafin a ɗauko ni. Ya ce to, ya gode. Na san muryarsa, na san bai yarda ba.

Ni ma a nan sai in faɗi gaskiya. Ban taɓa buɗe baki na ɗora masa laifi ba, amma fiye da shekara ina gudunsa. In na ji ƙarar injinsa a ƙofar gida sai in shige ɗaki in ce kaina ke ciwo. Da na sake samun ciki aka mai da ni gida Zugu wurin Inna, Sista Ladi kuma ta aiko cewa wannan karon da zarar na ji motsi a kawo ni, kada a jira komai. Wata rana bayan la'asar na ce wa Inna ko a jaki ne zan tafi, ko da ƙafa, amma ba zan sake shiga motar nan ba. Ban san Yaya yana zaure yana cin abinci ba.

Washegari ya kai motar gindin tsamiyar ƙofar gida, ya ɗaga ta da jak, ya sa mata kututture huɗu, ya cire tayoyin baya. Kaka ce, lokacin da kowane direba ke aikin da zai ci shekara. Manoma suna zuwa da sassafe neman a kwashe musu amfanin gona, yana ba su haƙuri daga ƙarƙashin mota ba tare da ya fito ba.

Ni da ban san sifana daga filaya ba, a wannan kakar na koyi aikin ƙafar mota daga kan tabarma, domin daga inda nake zama ana hango tsamiyar ta kan katanga. Ya hau motar wani zuwa Gummi ya dawo da shakazoba huɗu na wata mota da ta fi tasa girma, da ganyayen sifirin, wato jerin faffaɗan ƙarafan nan da bodi ke zaune a kansu, da ya ciro daga wata matacciyar mota. Shakazobar ta fi wurinta tsawo, sai da ya je Anka mai walda ya yi masa sabbin mariƙai. Ya ƙara ganye biyu biyu a kowane gefe, ya ɗaure, ya sauke motar. Bayanta ya tashi sama kamar tana shirin tunkuyi, mutanen unguwa suka taru suna yabawa.

Yadda ya gwada ta ne ba wanda ya yi tsammani. Ya kira abokinsa Ɗan'ige, shi ma direba ne, ya miƙa masa makulli. Ya ɗauko katifar nan, ya shimfiɗa ta a baya, ya kwanta a daidai inda na kwanta, ya ce a bi da shi hanyar Gwashi a irin gudun da ake yi da marar lafiya. Sun dawo bayan azahar goshinsa a kumbure. Ƙarfen da ya ƙara ya sa motar ta yi tauri: da kaya tana tafiya lafiya, amma mutum ɗaya a kan katifa sai ta riƙa watsa shi kamar gyaɗa a faifai. Bai ko sha ruwa ba ya sake kai ta gindin tsamiya.

Ya cire ganye ɗaya ɗaya. Taurin ya ragu, sai ɗingishin ya dawo. Ya yanki karan dawa yana auna tsayin bodi daga ƙasa, hagu da dama, ya ga ƙasar gindin tsamiya ba ta da gaskiya, sai ya riƙa kai motar filin Idi inda ƙasa take a shimfiɗe. Kullum hagu ta gaza dama. Ya sauya noti, ya sauya roba, ya musanya ganyen hagu da na dama. Ba ya zama cin abinci, a tsaye yake ci. Ran nan Inna ta gaji, ta yafa mayafi ta fita ta tsaya a kansa.

"Bello, mi kaka nema ƙarƙashin wagga mota da ba ka samu ba kwana ashirin?"

"Yatsa ukku, Inna," in ji shi. "Yatsa ukku suka rage."

Daga baya ya gano uwar sifirin ta hagu, babban ganyen da sauran ke kwance a kansa, ita ce ta miƙe saboda shekarun kaya. Ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai wa wani tsohon maƙeri a Bukkuyum. Suka kwantar da ta dama a ƙasa suna gwadawa, suna bugun ta hagu da guduma kaɗan kaɗan, yini biyu, har lanƙwasarsu ta zo ɗaya. Da ya ɗaura ya auna, karan ya taɓa wuri ɗaya a gefe biyu. Duk da haka bai bar kwanciya a bayan motar ba. Ɗan'ige ya riƙa yi masa tsiya cewa ya zama direban mai jego.

Naƙuda ta zo mini wata safiya ina shara. Kafin Inna ta gama haɗa kaya na ji ƙarar injin a ƙofa. Na tsaya a zaure na riƙe bango ina kallon katifar. Maigidana yana lallashi, Inna tana faɗa. Yaya ya zagayo ya tsaya nesa da ni kaɗan, bai kalli fuskata ba.

"Hadiza, sau bakwai na kwanta wurin nan," ya ce. "Ba ni cewa ba ki jin komi. Amma ki shiga."

Na shiga. Abin da zan iya faɗa game da wannan tafiyar kaɗan ne, domin ban tuna hanyar ba. Na tuna ciwon naƙuda, na tuna Inna tana tofa mini addu'a, na tuna sama tana wucewa, sai kuma fuskar Sista Ladi. Rami ko ɗaya ban riƙe ba. Kafin la'asar na haifi 'yata Maryam, wadda yanzu take Gummi da 'ya'yanta biyar. An ce da aka fito aka gaya wa Yaya, sai ya je ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya daɗe a haka.

Bayan wannan ya koma kasuwanninsa, amma ya rage lodi, katifar kuma ba ta sake barin motar ba. In aka aiko daga ruga ko ƙauye cewa ga mace ba lafiya, ko saniya ta soki makiyayi, sai ya sauke fasinja a inuwa ya ce su jira.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motoci sun fi na zamaninsa kyau nesa ba kusa ba, wasu hanyoyin ma an zuba musu kwalta, amma hanyar da ya bi sau bakwai a kwance yanzu mai lafiya ma sai ya yi shahada kafin ya bi ta. Shi ya saba da matsalar da ake shiga ƙarƙashinta da sifana. Wannan ba ta da notin da zai kwance. Ina jin da haƙuri ba zai zaunar da shi ba, kuma ina tsoron inda rashin zaman zai kai shi. Wani lokaci nakan gode wa Allah da bai nuna masa ba, sai kuma in tuna ƙanwar ɗalibata a kan babur in ji kunyar wannan godiyar.

A ciwonsa na ƙarshe ni na raka shi asibiti a motar haya, kansa a kan cinyata, jikinsa duk ya ƙare. Na yi niyyar in gaya masa a hanya cewa ban taɓa riƙe shi a raina ba, ina ta juya maganar, domin ba gaskiya ce tsantsa ba, kuma shi ba a yi masa ƙarya. Muna cikin haka motar ta faɗa wani rami. Idonsa a rufe ya ɗaga murya ya ce wa direban:

"Shakazobarka ta gaba ta dama ta mutu. Kak ka ɗauki mai ciki sai ka canza ta."

Direban ya ce to, Baba. Ni kuwa ban samu faɗin tawa ba, kwana uku bayan nan ya rasu.

Bai bar gida na a zo a gani ba, motar ma an sayar da ita a matsayin ƙarfe tun yana raye. Abin da ya bari shi ne wannan: an ce masa ba laifinsa ba ne, mai ilimin abin ce ta faɗa, yana da damar ya karɓa ya huta, amma ya duba ɗan abin da ke hannunsa ya gyara shi har ƙarshe. Mu da muka rage mun ƙware wajen bayyana wa juna dalilin da ya sa ba laifinmu ba ne. Allah Ya jiƙan Yaya Bello, Ya ba shi hutun da ya hana kansa a duniya.