Ƙarin Lambar da Na Yi wa Mota

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: na taɓa saya wa mota kaya kamar yadda ake saya wa yaro wandon Sallah. Kuma ba da ƙuruciya na yi ba, da gemuna fari fat na yi.

Sana'ata tufafi ce. Na daɗe a Guangzhou, ɗakina yana unguwar Sanyuanli, kullum ina kasuwar Canaan ina saya wa 'yan kasuwar Kano wanduna da riguna. Boko aji uku na yi, malamai suka ga ya fi kyau kowa ya huta. Amma akwai ilimi guda da na haddace a nan, wanda ba a aji ake samunsa ba: lambar China ƙarama ce. In mutum ya faɗa maka lambar rigarsa, ka ɗauki ta gaba da ita, in kana son zaman lafiya ka ƙara biyu. Wannan ƙa'ida ita ta ciyar da gidana. Ko 'ya'yana ban raga musu ba. Duk takalmin da na kai musu sai an cusa takarda a ciki, in suka ɓata rai in ce, "Za ku girma ku same shi."

Wata safiya babbar 'yata ta kira ni. Mijinta bakanike ne, bai daɗe da buɗe garejinsa na kansa ba, kuma mutum ne mai kunyar tsiya. Ko a waya ya gaishe ni, ina jin alamar a durƙushe yake. Shi ya sa ya turo ta.

"Baba, alfarma yake nema, amma ya kasa faɗa."

Ashe wani attajiri ne ya kawo masa motar Amurka, irin mai ƙofa biyu da faɗin ƙirji, silinda takwas, an ɗora mata wata na'ura a saman inji tana ɗura masa iska kamar zugazugin maƙeri. Bututan da ke kwasar hayaƙi daga jikin injin su kai shi salansa, huɗu a hagu huɗu a dama, su ne suka tsage. Makanikai heda suke ce musu. Na Amurka kuɗinsu ya kusa sayen ƙaramar mota, sai surukin nawa ya bugi ƙirji ya ce wa mai motar zai samo masu kyau da araha, ai surukinsa yana China. Wannan ce babbar mota ta farko da ta taka garejinsa. In ta fita lafiya, abokan mai ita za su biyo. In ta fita da ɓacin rai, ya koma canjin mai da gyaran birki.

Na ce, "Abin da ya hana shi barci ke nan? Ya turo lamba."

Ya turo sunan motar da shekararta da faɗin bututun, inci ɗaya da bakwai bisa takwas. Ni lissafin bisa-bisa ban taɓa gane shi ba, na dai kwafe a takarda yadda na gani, na sa a aljihu, na nufi kasuwar kayan mota.

Shago wajen goma na shiga. Da na miƙa takarda sai a kaɗa hannu a ce, "Meyo." Babu ke nan. Can ciki na sami wata mata sa'ata, tabarau rataye da zare a wuyanta, tana cin taliya a bayan kantar shagonta. Na gaishe ta na ce, "Nihau, loban," don a nan kowane mai shago loban ne, wato maigida, ko da mace ce. Ta karanta takardar, ta kalle ni, ta kalli hulata, ta ajiye tsinken cin abincinta.

Iri uku ta fito da su. Na farko yana ƙyalli kamar kwanon amarya, kuma shi ya fi araha, nan take zuciyata ta tafi gare shi. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko maganaɗisu ta kai jikinsa, ya manne ƙam. Ta kai jikin sauran biyun, ya zame ya faɗi. Ta yi magana a wayarta, wayar ta juya min da Turanci: injin da ake ɗura wa iska zafinsa ya wuce na sauran, wanda maganaɗisu ya kama tsatsa zai yi ya tsage. Ta nuna min faifan ƙarfen da ake ɗaurewa a jikin inji. Na mai arahar sirara ne kamar murfin gwangwani, na sauran kaurinsa ya kusa ƙaramin yatsana.

Saura biyu, a nan na nuna mata ni ma ba a banza na tsufa ba. Wando ba a waje ake duba shi ba, juya shi ake yi a ga ɗinkin ciki. Na kunna fitilar waya na leƙa cikin bututan, na zura yatsa ina shafa walda. Mai tsadar sumul yake. Na tsakiyar ma sumul yake, suna ne kawai ba a buga masa ba. Na dafa shi. Ta ɗaga min babban yatsa. Muka yi ta miƙa wa juna kalkuleta, tana dannawa ina gogewa, har muka daidaita.

Da a nan na tsaya, da yau ina ba da labarin nan da alfahari.

Ta kawo lambar da ke takardata. Na riƙe, na juya, sai na ga bututan sun yi min sirara. Mota mai wannan ƙirji, ta yi numfashi ta nan? Na nuna da hannu a kawo na gaba. Ta kawo. Na ce na gaba da shi. Ta ɗauki waya da sauri, wayar ta ce min, "Inci inci ne, a ko'ina ɗaya yake."

Na yi dariya na ce, "Hajiya, haka masu wando ma suke cewa." Da Hausa na faɗa, amma ta gane rainin. Ta ɗaga kafaɗa, ta naɗe min manyan, ta karɓe takardata ta ajiye. Na ɗauka tsiya ce kawai.

Ban bi ta tashar jiragen ruwa ta Nansha ba, kwantena sai ta cinye makonni, ta jirgin sama na aika. Da suka isa surukina ya kira.

"Baba, kaya sun iso. Sun yi kyau ƙwarai. Allah ya ƙara girma."

"Ka ga walda?"

"Na gani, Baba."

Kwana shida ina yawo a Canaan ina faɗa wa mutane na shiga harkar mota. A rana ta bakwai 'yata ta kira, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baba, don Allah ka faɗa min gaskiya. Ka ƙara lamba?"

Na ce, "Wace irin lamba?"

"Baba."

"Biyu kacal."

Ta yi salati. Ashe bututun hagu yana tokarar sandar sitiyari, ba ya zama. Bawan Allah kwana shida yana ƙarƙashin mota yana juyawa, ya sa ya cire, ya daina cin abinci, kuma ya rantse ba zai buɗe baki ya ce surukinsa ya yi kuskure ba. Mai motar kuwa ya ce ran Juma'a zai turo a janye ta zuwa wani gareji. Ranar da ta kira ɗin kuwa Litinin ce.

Ban tsaya neman hula ba. Ina shiga shagon, loban ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin kantar. Takardata ce manne a jikinsa da salatif, da mummunan rubutuna. Tun ranar ta ware min masu lambar daidai, jira kawai take yi. Ta sa wayar ta sake faɗa min inci inci ne, har sau biyu, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga ni. Na ce, "Sheshe," wato na gode, na sunkuyar da kai kamar ɗan aji uku.

Akwai wani ɗan Fagge a masaukinmu da zai tashi washegari. Na same shi yana ɗaure kaya.

"Alhaji, taimako za ka yi."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, bututu ne."

Sai da ya sa na ba shi labarin tun daga farko, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yarda ya bar ƙullin shadda guda a ɗakina don nauyi. Muka zura kowane ɓangare cikin wandunan jins, muka naɗe. A ƙarshe dai sana'ata ta yi wa motar amfani.

Ranar Alhamis da la'asar saƙon murya ya shigo wayata. Ba magana a ciki, ƙarar inji ce kawai, wani gurnani mai kauri da ya sa mai shagon da nake ciki ya leƙa waje. Ba a janye motar ba, da ƙafarta ta fita, kuma kafin wata ya ƙare abokan mai ita biyu sun kawo nasu.

Da na je gida hutu na biya garejin. Ina shiga na hango manyan bututan nan rataye a bango, an goge su suna walƙiya. Na yi kamar ban gani ba. Surukina ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo kujera da ruwa. Sai ya ga inda idona yake komawa. Kansa a ƙasa, muryarsa a ladabce, ya ce:

"Ajiye su na yi, Baba. Motar za ta girma ta same su."