Da Bakina Na Kashe Reshenmu na Nuzla

A farkon shekarun dubu biyu ni ce shugabar reshen ƙungiyar zumuncin matan garinmu da ke Nuzla, a Jidda. Ɗinki nake yi a ɗaki, iƙamata, wato takardar izinin zama, a hannu, ga baki, ga son a ce ni ce. Mu tara ne kacal, yawancinmu mun haura hamsin. Amma duk 'yar garinmu da ta haihu mu ke mata wankan jego, wadda ta kwanta mu ke jinyarta, wadda ta rasu ba dangi mu ke suturta ta. Uwar ƙungiya tana Makka, su sun fi ɗari biyu, kuma dokarsu ita ce duk reshen da ya gaza mutum biyar a rushe shi.

Al'adarmu, mai son shiga sai ta yi shekara tana hidima a ƙarƙashin wata babba, sannan a ɗaura mata ankon ƙungiya a gaban kowa. To, a can Makka wasu marasa imani suka mayar da hidimar bauta. Suka sa wata baiwar Allah mai ƙaramin ciki tuƙa tuwon biki da tsakar rana, har ta yanke jiki ta faɗi, cikin ya zube. Aka tara shugabannin rassa, aka ce an rufe ɗaukar sababbi a ko'ina sai abin da hali ya yi. Laifi na Makka, hukunci har da mu! An dai ce ƙaramin reshen da ke ganin zai cutu ya rubuto a ɗauke masa. Ni kuwa na miƙe ina gyara mayafi, na ce mu a Nuzla ba ma neman alfarma, masu bin doka ne mu. Aka yi mini tafi, na dawo Jidda kaina ya kumbura.

A lokacin mata uku ne ke hidimar shiga reshenmu, duk haihuwar Jidda. Babbarsu 'yar tsohuwar da ta kafa reshen ce, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Ammariyya. Hausarta a karye take, rabi Larabci, amma ta dage tana koyo saboda mu, saura wata biyu ta cika shekararta. Tsohuwar ta tako har ɗakina da sandarta, ta roƙe ni in rubuta takardar nan, ta ce mu tsofaffi ne, kuma rabinmu ba su da iƙama, ko yaushe za a iya kwashe su. Na ce mata doka doka ce, ni ba zan haɗiye maganata a gaban mutanen Makka ba. Ban tsaya nan ba. Ranar taro 'yar ta zo da kulolin abinci kamar yadda ta saba, na ce ta ajiye ta jira a waje, taro na 'yan ƙungiya ne. Ta ce mini halas, wato shi ke nan, ta sa takalmanta ta fita, uwarta tana kallo.

Shekara huɗu ƙofar nan tana rufe. Makka ko a jikinsu, mutum ɗari biyu ina za su ji? Mu kuwa aka yi kame a kasuwa aka mayar da biyu gida. Ɗaya mijinta ya rabu da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, suka tattara suka koma gida. Ɗaya ta rasu. Muka rage biyar cif, ni ina ta buga waya Makka ana ce mini ana dubawa. Dubawar me, don Allah? Waɗanda suka yi ta'asar suna nan suna cin shinkafarsu a taro, ba wadda aka kora. Da na ce yanzu zan rubuta takardar, sai aka tuna mini da bakina na ce ba ma so, lokacin kuma ya wuce.

Sai tsohuwar ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Muka je wanka mu huɗu, duk tsufa ya ci ƙarfinmu, ko juya ta mun kasa. 'Yarta da ƙawayenta biyun nan da na rufe wa ƙofa su suka kama mana, ba wadda ta ɗaga ido ta dube ni. Bayan sadakar bakwai saƙo ya zo daga Makka, wai suna ta'aziyya, kuma tunda mun koma huɗu reshen Nuzla ya rushe. Wata uku bayan haka suka buɗe ɗaukar sababbi. Wata uku! Na ɗauki mayafi na tafi Ammariyya, na ce wa 'yar ta zo mu sake kafa reshen, ita zan fara ɗaura wa anko. Ta ba ni shayi, ta girmama ni, sannan ta amsa mini da Larabci zalla. Ta ce uwarta ta so ta gan ta cikin ankon nan, yanzu wa za ta sa wa ya gani?

Har yau ina jin haushin mutanen Makka, kuma ban yafe musu ba. Suna zaune cikin yawa suka yanke hukuncin da bai taɓa su ba. Amma haushin kaina ya fi, domin an ba ni hanya na toshe ta don a tafa mini. Ku masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyi, in manya sun ce a rufe ƙofa, ku ƙirga kanku tukuna, ku dubi shekarunku, ku dubi masu jira a waje, domin ba za su jira ku har abada ba. Yanzu a Nuzla in 'yar garinmu ta rasu, sai an bi gida-gida ana neman mai wanka. Ni ma na tsufa, ban san wa za a samo mini ba.