Takardar da Ban Kai Sama Ba

Na daɗe ina aiki a ɗakin rajista na wata ma'aikata a Lafia. Aikina shi ne in karɓi takardu, in buga musu hatimi, in kai kowace inda ta dace. Teburin da ke kusa da nawa na wata dattijuwa ne mai buga takardu, mutuniyar Doma. Mama muke ce mata. Da tafireta ta saba, da aka kawo kwamfuta sai hannunta ya yi nauyi. Ni da ita a Akurba muke zaune, sau da yawa keke ɗaya muke shiga da safe.

Da aka kawo mana sabon shugaban sashe, wanda muke kira Oga, bai yi wata guda ba ya sa mata ido. In ta kai masa aiki, sai ya zagaye kurakuran da jan biro, ya fito tsakiyar ofis ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana tsaye. Ya raɗa mata suna kayan tarihi. Wata rana ya ce ta ɗaga takardar sama ta zagaya da ita tebur-tebur kowa ya gani. Ta zagaya. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi.

A tsarin aikinmu, duk takardar da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta wa manya, ta hannun shugaban sashensa take bi. Haka muka tarar. Amma a shekarar an fito da sanarwa cewa koken cin zarafi kai tsaye za a kai shi ofishin daraktan mulki da ke bene. Ni da hannuna na manna sanarwar a allo.

Mama ta rubuta kokenta da hannu, shafi biyu, ta yi kwafi. A cikin keke ta miƙa mini, ta ce in buga wa kwafinta hatimi in mun isa.

"Ɗana, sama za ka kai, ba wajen Oga ba."

Na ce na ji.

Na buga hatimin, na sa hannu, na ba ta nata. Na hau matakalar bene har rabi. A nan na tuna cewa fom ɗina na ƙarin girma yana teburin Oga, yana jiran sa hannunsa. Na ɗan tsaya, sannan na sauko. Na sa takardar cikin tiren Oga, ƙarƙashin wasu fayiloli, ina gaya wa kaina cewa ai ƙa'ida na bi.

Da la'asar Oga ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko wani ya ga takardar, na ce babu. Ya jefa ta cikin durowa, ya ce in koma bakin aikina.

Ba a jima ba sunan Mama ya fito cikin waɗanda aka sauya wa wurin aiki. Garin Keana aka tura ta, saura shekara biyu ta yi ritaya, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Ta kama ɗaki a can, ranar Juma'a take dawowa gida. Takan kira ni a waya, mu gaisa, ta tambayi yara, a ƙarshe ta tambaya ko sama sun ba da amsa. Nakan ce mata manya ba sa sauri. Sau ɗaya ta aiko mini da gishirin Keana a leda. Matata ta yi ta miya da shi, na yi ta ci.

Da daminar bara ta rasu, ba ta kai ga ritayar ba. Ba zan ce sauyin ne ya kashe ta ba, domin ban sani ba.

Muka je gaisuwa a motar ofis. Bayan an yi addu'a a ƙarƙashin rumfa, babbar 'yarta ta ja ni gefe. Ta fito da kwafin nan, ta ce a cikin Littafi Mai Tsarki na mamarta ta same shi. Ta ce Mama takan faɗa cewa a ofishin nan ni kaɗai na tsaya mata.

"Kawu, wai har yau ba su ce komai ba?"

Na duba hatimin da sa hannuna. Na gaya mata cewa takardar ba ta taɓa zuwa sama ba, na faɗi inda na kai ta, na faɗi dalili. Ban yi wa maganar kwaskwarima ba.

Ta ninke takardar yadda take a da, ta ce, "To." Wasu baƙi suka iso daga Doma, ta tafi ta kawo musu kujeru.