Nonomura Mai Gasa Tef

Kafin kowa ya iso ofis, Hatsue Nonomura ta riga ta sauka ɗakin sanyi da ke ƙarƙashin ƙasa. Takan sa silifas, ta duba ma'aunin danshi a bango kamar mai taɓa goshin yaro marar lafiya, sannan ta zura safar hannu. Ta ciro tef daga kanta, irin manyan nan na naɗi, ta warware shi a hankali ta sake naɗewa don kada ya manne. Aikin ke nan da ta yi wa wani kamfanin faifai a Tokyo tun tana budurwa har furfura ta rufe mata kai, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Juya bayan kowane faifai ka duba, ba za ka ga sunanta ba.

Cikin abin da take tsaro akwai na wasu Turawan Ingila huɗu da a ofis ake kira Gwanaye. Kowannensu daga babbar ƙungiya ya fito, inda waƙa ɗaya kan cinye gefen faifai, a yi ta kiɗa ana hawa ana sauka kafin mawaƙi ya buɗe baki. Da suka haɗu sun ɗan yi irin wannan, sai suka juya ga gajerun waƙoƙin soyayya, waɗanda direban tasi ke raka wa da fito. Duniya ta saya, tsofaffin masoya suka yi fushi.

Babu wanda ya kai Kuramochi fushi, shugaban sashen waƙoƙin waje. "Waƙar da za ta ƙare kafin taliyata ta nuna, ai talla ce," in ji shi. Da ɗakin sanyi ya cika, shi ya yanke hukunci: dogayen su zauna, gajerun a kai su bene na sama, inda danshin damina ke jiƙa har takarda. Nonomura ta rusuna ta ce to. Sai ta kwashe kayanta daga kabad ɗin da aka ba ta a ɗakin, ta jera gajerun a ciki, ta buga ƙusa a bango ta rataye rigar sanyinta.

Kuramochi ya sani, kuma bai taɓa fasa tsokana ba.

"Nonomura-san, har yanzu kina renon 'yan tallan nan?"

"Ni ba alƙali ba ce, Kuramochi-san. Mai gadi ce."

Bara da kaka wata mata ta zo daga Ingila, Rosalind, 'yar mawaƙin Gwanaye. An yi wa uban aiki a maƙogwaro, murya ta tafi ke nan. Kowa ya san faifan da ake bugawa a nan Tokyo kan zo da ƙarin waƙa guda wadda babu ita a ko'ina. To, a zamanin gajerun waƙoƙi uban ya aiko da wata, ta lallashin jariri, wadda ya yi a makon da aka haife ta. Kuramochi ya ce ta cika zaƙi, ba a buga ba. Tef ɗin waƙar da ke Ingila kuwa ambaliya ta ci shi.

"Ban taɓa jin ta ba," in ji Rosalind, "shi kuma ba zai ƙara rera ta ba. In ba ta nan, ba ta ko'ina."

Kuramochi ya rasa inda zai sa ido. Nonomura ta buɗe kabad ta ciro kwalin. Amma da ta ɗaga bakin tef ɗin sai ta ga ya yi danƙo. Irin na wancan zamani haka yake, duk lallaɓarka shekaru sai sun sa ya sha ruwa.

"Mu ɗora mu ji mana!" Kuramochi ya kai hannu.

"Ka taɓa shi, ni da kai ne. Ka ɗora shi haka, muryar za ta goge a jikin na'ura kamar baƙin tukunya. Babu na biyu."

Ta jawo akwatin lantarki na busar da naman kaza da yayanta ya aiko mata daga ƙauye, ta kwantar da tef ɗin a ciki.

"Bature za ki gasa mana?"

"Wuta kaɗan. Ta yi yawa ya narke, ta gaza ya manne. Ka je ka sha shayi, tsoho, kana tsare min haske."

Ta sha gasa tef a rayuwarta, amma ba da 'yar mai muryar zaune a waje tana jira ba. Tsoro ta ji, tsoro na gaske. Ƙunshin shinkafarta haka ya koma gida ba ta kwance ba. Washegari ta bar tef ɗin ya huce, da rana ta ɗora, ta kunna na'urar ɗaukar kwafi. Rosalind ta kira gida ta bidiyo ta ɗaga waya, fuskar uban ta bayyana, da gyale a wuya.

Huci ya fara fitowa daga lasifika, sai tari, sai muryar uban yana matashi: "A rage ganga, yarinyar ta yi barci." Rosalind ta toshe baki. Jita ta shiga, waƙa ta tashi, tsohon da ke cikin waya yana bin ta da leɓe.

Nonomura ba ta kalli kowa ba. Idonta na kan bakin na'ura inda tef ke gogawa. Da ya ƙare ta shafa auduga a wurin ta ɗaga: fara tas. Sai ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye, ta ce wallahi yunwa take ji.

Kuramochi ya daɗe yana goge tabarau. "Gajera ce dai," ya ce.

"Taliyarka ta nuna?" in ji Nonomura.

"A sake sa ta."

Nonomura-san, ke ce mai gadin da ba ta tambayar wa ya cancanci inuwa. Mu da muka yi shekaru muna musun wace waƙa ce ta gwanaye, wace ce ta kasuwa, ko sau ɗaya ba mu sauko mun tambaye ki ko kina jin sanyi ba. Da kin bi son zuciyarmu, da wani uba ya tafi da waƙar 'yarsa a maƙogwaron da ba ya magana. Mun gode. Ki je ki huta, ki mayar wa yayanki akwatinsa ya busar da abin da aka yi shi dominsa.

Duk wanda aka ba ajiya, a asibiti ne ko a tasha ko a ɗakin karatu, ya tuna bai san wa zai ƙwanƙwasa ƙofa wata rana ba. Wanda kuma zai gaji ɗakin sanyi, zai tarar da kabad a cike da wata ƙusa mai tsatsa a bango. Kada ya cire ta. Nan zai rataye rigarsa.