Hular Labaran, Farfelar Mu'azu

Duk wanda ya taɓa sauka bakin ruwan Tiga ta ɓangaren Bebeji ya san rumfar Wada Makanike, ko da bai san Wadan ba. Ita ce wadda ke gindin marke, an jera injinan jirgin ruwa a jikin wani gungume kamar masu jiran liman. Mai rumfar gajere ne, da 'yar furfura a gemu, kuma tun da aka san shi ba a taɓa ganin farcensa fari ba, har ranar Sallah.

Mutumin garin Ƙofa ne. Da facin keke ya fara, ya koma injin niƙa, daga nan ya shiga gyaran injin ban-ruwa na 'yan lambu. Wata rana wani masunci ya ɗauko masa injin jirgi a bayan babur. Ya buɗe, ya ga ashe duk dangi ne, abin da suke so bai wuce mai da iska da wuta ba. Sai ya tattara sifanoninsa ya dawo bakin ruwa da zama. Abin da bai koya ba har yau shi ne iyo. Ya tsufa yana gyara abin da ke kai mutane tsakiyar dam, amma shi ruwan da ya wuce idon sawu bai yarda da shi ba. In ya gama aiki, a cikin duro yake gwada inji, ya tsaya daga gefe yana sauraro da kai a karkace.

Masuntan wurin suna da wata al'ada da ta sa aikinsa ya fi na sauran makanikai wuya. Ba a barin mutum ya kwana a tudu saboda inji. In naka ya tsaya, wannan ya ara maka filogi, wancan ya ara maka tanki, wani ya cire igiyar tayarwa daga nasa ya miƙo. In kuwa naka ya mutu murus, to ya zama na jama'a, kowa zai zo ya yi maka jaje ya tafi da noti. Ba a cewa an bayar, aro ake cewa, kuma ba a taɓa jin wanda ya mayar ba. Shi ya sa babu injin da ke bakin ruwan nan da jikinsa duka nasa ne, kuma kowane dattijo yana ji a ransa cewa tsohon injinsa yana nan a wani wuri, bai dai haɗu da shi ba ne.

Bayan gyara, abin da Wada ya fi so a duniya shi ne ciyayya. Kullum in an idar da magariba, shi da aminansa biyu, Labaran da Mu'azu, masunta ne dukansu, sukan fito da kwanukansu ƙofar gidansa a haɗa a ci. Daga gidan Labaran ake kawo miyar kuka da busasshen kifi, daga gidan Mu'azu dambu mai zogale. Tuwon gidan Wada ma ba laifi, shi da kansa yana yabonsa, amma an lura hannunsa ya fi sanin hanyar kwanukan baƙi.

Daminar bara ruwa ya kayar da wani tsohon ɗakin ajiya na masunta. Da aka zo kwashe ƙasa, sai ga inji kwance cikin ruɓaɓɓun komayen kamun kifi, an naɗe shi da buhu, mai ya jiƙa shi har tsatsa ba ta ci shi sosai ba. Labaran yana ganin murfin, wanda su suke kira hula, ya ce alhamdu lillahi, nasa ne, ga koren fentin da ya shafa da hannunsa. Mu'azu ya duƙa ya duba ƙasa, ya ce a yi haƙuri, farfelar nan mai giɓi a kunne ɗaya ko cikin dubu zai gane ta, shi ya san dutsen da ya yi mata giɓin. Kowannensu ya taɓa yin injin da aro ya cinye, kuma kowannensu gaskiyarsa yake faɗa.

Magana ta yi tsawo. Labaran ya ce ai mutum da hularsa ake gane shi. Mu'azu ya ce hula ko mahaukaci yana tsinta, a tambayi abin da ke tura jirgin. Ba su yi zagi ba, manya ne, amma da magariba ta yi, Wada ya shimfiɗa tabarma ya zauna shi da kwanonsa, babu wanda ya fito. Washegari ma haka. Aka ɗauki injin aka kai rumfarsa, aka ce shi zai raba gardama.

Nan fa Wada ya shiga uku. In ya ce na Labaran ne, ya yi sallama da dambu da mai dambu. In ya ce na Mu'azu ne, miyar kuka ta tafi, da zumuncin da ya girmi 'ya'yansu. Sai ya fara jan ƙafa. Yau ya ce notin ya ƙi, sai ya sha kananzir. Gobe ya ce bayansa ke ciwo. Ya je gidan kowannensu ya gaishe shi, ya tambayi iyali da ruwa da kasuwa, ya dawo bai iya taɓo zancen ba. Maiɗakinsa ta gaji da ganin yana juya loma a miya, ta ce masa ko dai ya buɗe injin nan ko ya koyi cin abinci shi kaɗai.

Ranar da ya sa, da hantsi, dukansu suka zo. Labaran ya zauna a wannan bakin benci, Mu'azu a wancan, suka bar fili a tsakiya wanda zai ɗauki mutum uku. Wada ya yi bisimilla, ya ƙudura a ransa cewa abin da ya gani shi zai faɗa, ko da zai ƙare rayuwarsa da tuwon gidansa.

Ya kwance robar da aka ɗaure hular da ita, don dama ba ta zauna daidai ba. Ya ɗauko sifanar da yake kwance injinan Japan da ita, ta ƙi kama notin. Ya gwada ta sama da ita, ta yi lako-lako. Ya ɗan tsaya. Ya shiga tonon ƙasan akwatinsa har ya zaro wata tsohuwar sifana mai awon inci da ya daɗe bai taɓa ba, ta zauna ɗas. Ya cire faifan ƙarfen da igiya ke juyawa, ya leƙa inda wuta ke fitowa, ya daɗe yana kallo.

Ya kira su su matso. Ya nuna musu wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu, da wani ɗan gwangwani da ake kira kwandansa a gefensu. Ya ce wannan shi ne kwantak, irin wutar da. Ya tambayi Labaran me ke ba tsohon injinsa wuta. Labaran ya ce ɗan baƙin akwati. Ya tambayi Mu'azu, shi ma ya ce baƙin akwati.

"To ku duba da kyau," in ji Wada. "In kun ga akwati a nan, ni ma ku ara mini idon."

Babu akwati. Ya ce hula a canza ta, farfela a canza ta, tanki da igiya duk a canza, amma wutar inji da ita aka haife shi. Wannan ɗan Amurka ne, ya girmi nasu nesa ba kusa ba, kuma tun da ya zo bakin ruwan nan guda ɗaya tak ya taɓa gani mai irin wannan wutar.

Mu'azu ne ya fara furtawa, a hankali. "Na Dikko."

Marigayi Dikko Bafulatani ne da rugarsu ke tsallaken ruwa. Ya gaji da zagaye da ƙafa, ya sayar da bijimi ya sayo tsohon inji, ya riƙa haye da matan ruga da ƙorensu na nono ranar kasuwa. Tuƙinsa kuwa irin na mai kora shanu ne, yana yi wa jirgin tsawa in ya ƙi juyawa.

Labaran ya sosa ƙeya. Ya ce yanzu ya tuna, iska ce ta ɗauke wa injin Dikko hula a tsakiyar ruwa, ga hadari ya taso, shi ya cire ta injinsa ya ɗaura masa. Mu'azu ya ce shi ma ranar da jirgin Dikko ya hau kututture a cikin ruwa ne ya ba shi farfela, har suka kafa ta da ƙusa. Sannan Labaran ya ce Allah ya jiƙan Dikko, mutum ne da bai taɓa mayar da aro ba. Mu'azu ya ce amin, ai shi ya sa ya zama ɗan gari. Dariya ta ƙwace musu tare, filin da ke kan bencin ya ragu.

Wada ya goge bakin kwantak ɗin, ya wanke kafireta, ya sa sabon filogi. Ya sha fama da shi har la'asar kafin injin ya yi tari a cikin duro, ya yi hayaƙi, ya kama.

Aka aika wa Goggo, matar marigayin, wadda har yanzu take kawo nono bakin ruwa. Ta zo ta ajiye ƙwaryarta, aka gaisa, ta zagaya injin tana kallonsa kamar saniyar da ta ɓata ta dawo da ƙahon wata. Ta ce ita ba ta da jirgi, 'ya'yanta kuma shanu suka sani.

"Mai hula da mai farfela su riƙe shi tare," in ji ta. "Ranar kasuwa su haye da mu. Kai kuma Malam Wada, ka shigo mu ga aikinka a kan ruwa."

Wada ya yi godiya ƙwarai, ya ce shi daga tudu ya fi jin lafiyar inji.

Da magariba kwanuka uku suka fito, ga kuma ƙwaryar kindirmo da Goggo ta bari. Ba a kai ga wanke hannu ba sabuwar gardama ta tashi, a kan wanda zai riƙe tuƙi ranar kasuwa. Labaran ya ce shi ne babba. Mu'azu ya ce babba a gaban jirgi yake zama yana duba kututture. Suka juyo ga Wada ya raba su. Shi kuwa ya ce wannan ba aikin makanike ba ne, ya jawo kwanon dambu kusa da na miyar kuka, ya gyara zama.